Gunki Ne ko Mutum-mutumi?

Wata ɗaliba mai nazarin tarihi ta aiko da tambaya: siffofin allolin Girkawa da aka yi da tagulla, gumaka za a kira su ko mutum-mutumi, kuma daidai ne a ce an sassaƙa su?

Malama, kalmomin biyu ba abu ɗaya suke auna ba. Mutum-mutumi siffa yake dubawa, shi ya sa ko tsumman da manomi ya kafa a gona don korar tsuntsaye ya ci wannan suna. Gunki kuwa ba ya zama gunki sai an danganta shi da bauta, ko da kuwa dutse ne da ba a taɓa fafe shi ba.

Ɗauki wanda aka tsamo daga teku kusa da Artemisiyon, wata gaɓa a ƙasar Girka, tsakanin 1926 da 1928, wanda yanzu yake gidan adana kayan tarihi na birnin Atina. An yi shi wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinsa ya ɗan haura mita 2. Masana suna saɓani ko Zeyus ne, sarkin allolinsu, yake shirin jefa aradu, ko Posaidon ne, allansu na teku, mai mashi, domin abin da ke hannunsa ya ɓace, ramukan idanunsa ma fanko ne. Tun da abin bautarsu yake wakilta, gunki ne a bakin Bahaushe; idan kuwa gwanintar aikin kike bayani, mutum-mutumi ya fi dacewa. Abin da ke burge ni shi ne, mu mukan ce wane ya tsaya kamar gunki idan ya sandare, amma wannan ya buɗe ƙafafu, ya miƙa hannun hagu yana saiti, kai ka ce yanzu zai yi jifa.

Inda ba zan yi sassauci ba shi ne sassaƙa. Itace da dutse ake sassaƙawa, a rage su da gizago ko kurfi, amma tagulla zubi ake yi. Girkawa sukan shafe ginin yumɓu da kakin zuma, su fitar da siffar, su sake lulluɓewa da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan su ɗura narkakken jan ƙarfe da aka gauraya da kuza a gurbinsa. Gaɓa-gaɓa ake zuba manyan, daga baya a harhaɗa. Saboda haka ki rubuta cewa an zuba shi, kamar yadda maƙeran fari suke faɗa idan sun zuba munduwa.