Tambaya da Amsa: Ƙazuwa Ta Shiga Gida, Yaya Za a Fitar da Ita?

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara shida ya dawo hutu daga gidan kakarsa, bayan kamar wata guda ya fara susa da daddare har ba ya barci. Yanzu ƙanwarsa ta fara, ni ma ina jin ƙaiƙayi a wuyan hannu. Wasu sun ce borin jini ne, wasu sun ce ƙurajen zafi. — Wata uwa daga Zariya

Wa'alaikumus salam, Malama. Abu uku a wasiƙarki sun nuna ƙazuwa: ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ya kama mutum fiye da ɗaya a gidan, kuma sai da aka yi wajen wata kafin ya bayyana. Borin jini da ƙurajen zafi ba a ɗaukar su daga wani.

Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta, wanda bai kai rabin milimita ba. Macen takan haƙa rami a saman fata ta riƙa saka ƙwai 2 zuwa 3 kullum, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana 3 ko 4. Duk wannan azabar, yawanci ƙwarin da ke jikin mutum ba su wuce 10 zuwa 15 ba; jiki ne ke bore saboda ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Shi ya sa wanda bai taɓa yi ba yakan kai mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, alhali yana ta rarraba wa mutane.

Ki duba yaran da rana a wuri mai haske: tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, gwiwar hannu, hammata, zagayen cibiya, ƙugu inda mazagi ke zama, ɗuwawu, da gaban yaro namiji. Za ki ga ƙananan ƙuraje, wani lokaci har da ɗan siririn layi mai lanƙwasa, wato ramin ƙwaron, ko da yake a baƙar fata yana da wuyar gani. Ki kai su asibiti a tabbatar, ki kuma aika gidan kakar, don can ma ba za a rasa mai susa ba.

Sau biyu ina sayen magani a kemis ina shafawa. Sai ta lafa, bayan mako biyu ta dawo. Ko jabu ake sayar mini? — Wani magidanci daga Katsina

Malam, kafin ka zargi maganin, fara duba kwalinsa. Da yawa daga cikin mayukan da ake miƙa wa mai ƙaiƙayi haɗi ne mai ɗauke da sinadarin sitiroyid. Irin wannan yakan kwantar da ƙaiƙayi da ƙurajen, amma ko ƙwaro ɗaya ba ya kashewa, sai ma ya ba su damar yawaita. Sabulun magani ma shi kaɗai kada ka dogara da shi.

Wanda aka fi fara bayarwa shi ne man famatirin. A jikin kwali za ka ga an rubuta Permethrin 5%. Babban mutum yakan shafe bututu guda mai giram 30 a shafi ɗaya, mai jiki kuwa yana iya buƙatar biyu. Ka yanke farce, ka yi wanka, ka bari jiki ya bushe ya huce. Sannan ka shafe ko'ina daga wuya har tafin ƙafa, ba inda ƙurajen suke kaɗai ba: bayan kunne, hammata, cikin cibiya, al'aura, matsematsi, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Bayanka kuma wani ya shafa maka. Maganin na buƙatar awa 8 zuwa 14 a jiki, don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, a wanke da asuba. In ka wanke hannu ko ka yi alwala a tsakani, ka sake shafa wa inda ruwa ya taɓa. Nan ne mutane da yawa ke yin sake, ga shi kuwa hannu ne babban mazaunin ƙwaron.

Bayan kwana 7 ka maimaita daidai yadda ka yi, don kashe waɗanda suka ƙyanƙyashe daga ƙwan da ya tsira.

In ruwan maganin nan fari mai kama da madara ka samu, wato Benzyl benzoate 25%, ya fi araha amma yana da raɗaɗi. Shi awa 24 yake yi a jiki, a wanke, a sake shafawa washegari. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 12 a surka masa da ruwa rabi da rabi. Kada ya taɓa ido ko buɗaɗɗen gyambo.

Amma a ganinmu babban dalilin da ta ƙi barinka shi ne kai kaɗai kake shafawa. Iyalinka da duk wanda kuke kwana ɗaki ɗaya dole su shafa a dare guda, ko da ba sa susa. Washegari a wanke zannuwan gado, tawul da kayan da aka sa cikin kwana ukun da suka wuce da ruwa mai zafi sosai, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako guda. Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ba ya jikin mutum. Ba sai ka ƙona katifa ko ka yi wa gida feshi ba.

Ka kuma sani ƙaiƙayi na iya ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu. Yawan maimaita magani a wannan lokacin ƙona fata yake, ya ƙara susa. Man shafawa mai laushi da ƙwayar rage ƙaiƙayi sun isa. Sababbin ƙuraje, ko susar da ta zarce wata guda, su ne ke nuna a koma wa likita.

Ina shayar da jariri ɗan mako biyar, kuma mu duka biyu mun kamu. — Wata mai jego daga Gusau

Sannu, Malama, Allah ya raya. Jaririn da bai kai wata 2 ba man farar wuta mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 aka fi ba shi, dare uku a jere, kuma ma'aikacin lafiya ne zai rubuta. A jarirai ana haɗawa da kai da fuska, ban da ido da baki, domin su har can take kama su, da tafin hannu da na ƙafa. Ke kina iya shafa famatirin, sai dai ki wanke nono kafin ki ba shi, ki sake shafawa bayan ya sha.

Ina da almajirai sama da 60, fiye da rabinsu na fama da ita. Wasu mun shafa musu baƙin mai, wasu ƙurajen sun yi ruwa. — Wani malamin tsangaya daga Haɗeja

Allah ya gafarta Malam, muna roƙo a daina baƙin mai da kananzir, balle fiya-fiya. Suna ƙona fata, fiya-fiya kuwa guba ce da ke ratsa fata ta shiga jini, tana iya kashe yaro.

Cutar ba shaidar ƙazanta ba ce. Cunkoson makwanci da musayar riga da mayafi ne ke yaɗa ta, kamar yadda take yi a makarantun kwana da sansanonin 'yan gudun hijira. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ga taro irin naku, a je sashen lafiya na ƙaramar hukuma a nemi a yi wa kowa magani rana ɗaya, har da ku da iyalinku. Ƙwayar ibamaktin, wadda ake rabawa don makantar kogi, ta fi sauƙin bayarwa: da nauyi ake auna ta, mai kilo 60 yana shan miligiram 12, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 14 saboda ba ta kashe ƙwai. Ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

Waɗanda ƙurajensu suka yi mugunya su ne abin gaggawa. Ƙwayoyin cuta sun shiga ta inda farce ya yaga, kuma suna iya taɓa ƙoda. Su fara samun maganin ƙwayoyin cuta a asibiti. Yaron da fuskarsa ta kumbura da safe, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, a kai shi a ranar. Haka wanda fatar hannunsa ko ƙafarsa ta yi kauri tana ɓarewa kamar ɓawon itace, ko da ba ya susa sosai: a jikin irinsa ƙwarin dubbai ne, a ware masa shimfiɗa, a kai shi babban asibiti a duba ƙarfin garkuwar jikinsa.