A rufe kasuwa ne, ko a bar ta a buɗe lokacin annoba?

Malam, ka tambaya ko idan annoba irin korona ta dawo a rufe kasuwar Muda Lawal ta garin Bauchi ne, ko a bar mutane su nemi na abinci.

Kulle gaba ɗaya ba ya ɗorewa inda sai mai kayan miya ya fita da safe ake ɗora tukunya da dare. A 2020 da cutar ta tsananta a Azare, ƙananan hukumomin Katagum, Giade da Zaki aka kulle na 'yan kwanaki. Kafin a sassauta, a duba ko masu kamuwa na raguwa mako bayan mako, da ko akwai gado da iskar oksijin a asibiti.

Cutar a iska take bi, don haka buɗaɗɗiyar rumfa ta fi shago mai rufaffiyar taga. A raba ranaku tsakanin 'yan hatsi da 'yan atamfa, Keke Napep kuma fasinja biyu.

Auna zafin jiki a ƙofa ba ya wadatarwa, mutum kan yaɗa ta tun kafin zazzaɓi. Takunkumi a haɓa kuwa ado ne kawai. Tsoho ko mai ciwon suga da numfashi ya yi wa wuya, a wuce da shi asibiti, ba kemis ba.