Zana Gajimare a Bayan Ƙaramin Layin Dogo

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur da jirgin ma'aunin HO, wanda ake rage girman komai sau 87, ina kwaikwayon tashar Kano ta zamanin dalar gyaɗa. Na shafa wa allon bayansa shuɗin fenti na zana gajimare, amma sun fito kamar an manna auduga a bango. Ina gyaran yake? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ina kyautata zaton matsalar ta faro ne tun daga shuɗin, domin sararin samaniya ba launi ɗaya ba ne. Idan ka fita fili da hantsi za ka ga shuɗin ya fi kauri a saman kanka, sannan yana ta koɗewa har ya kusa zama fari a inda sama ta haɗu da ƙasa. Saboda haka ka shafa shuɗi a saman allon da fari a ƙasansa, ka riƙa haɗa su da faffaɗan burushi tun fentin bai bushe ba, har iyakarsu ta ɓace. Fentin ruwa za ka saya, domin ƙyallin fentin mai yana mayar da hasken fitila ya tona asirin allon.

Shi kuwa gajimaren damina, samansa ne yake tashi curi-curi, amma gindinsa a shimfiɗe yake kuma da duhu. Ka dangwala farin fenti da soso, ka yi wa gindin ruwan toka da ka haɗa daga fari da shuɗi da ɗigon ruwan ƙasa, ban da baƙi, wanda ke sa gajimare ya zama kamar hayaƙi. Manya su tsaya a sama, na ƙasa kuma su riƙa ƙanƙancewa suna matsowa kusa da juna, wannan ne ke sa ido ya ga nisa. Ɓangaren da fitilar ɗakin ke haskawa shi za ka bar wa farin.

Sai dai tunda dalar gyaɗa kake kwaikwayo, ka tuna bayan kaka ake tara buhunan, lokacin da hazo ke sauka, don haka sama mai fari-fari da siraran gajimare kaɗan za ta fi dacewa da tasharka fiye da hadarin Agusta.