Tambaya da Amsa: Yadda aka bi sawun wani naman kaza mai guba a Amurka

Tambaya: Na ji an ce wani naman kaza mai guba ya baro Turai ya bazu a yammacin Amurka. Ta yaya masana suka san inda ya fara da inda ya kai, alhali irin wannan tsiro bayan ruwan sama yake fitowa, kuma cikin 'yan kwanaki ya bushe? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, wanda kike nufi shi ne Amanita phalloides, kuma gaskiyarki, laimar da ake gani ba ta daɗewa. Sai dai ainihin jikinsa zare ne siriri da ke cikin ƙasa, manne da saiwar bishiya, shi ya sa ake kyautata zaton a jikin dashen itatuwan da aka kawo daga Turai ya tsallaka teku.

Abin da masana ke dogara da shi shi ne samfuri. Mai binciken da ya tsince shi yakan busar da shi, ya rubuta rana da wuri da irin bishiyar da ke kusa, sannan a adana a jami'a. Amma rubutun kaɗai bai isa hujja ba, domin yana da 'yan uwa masu kama da shi ƙwarai. Lokacin da masaniyar naman kaza Anne Pringle da abokan aikinta suka binciki ƙwayoyin halittar tsofaffin samfuran Kalifoniya, a aikin da suka wallafa a 2009, sun tarar an yi wa waɗansu kuskuren suna. Mafi daɗewa da suka tabbatar shi ne na Monterey a 1938, sai na harabar jami'ar Berkeley a 1945. A yammacin Kanada kuwa, sai a 1997 aka fara ganinsa a garin Mission, sannan a Vancouver a 2008.

A ganina, ya kamata a yi hattara da taswirar bazuwarsa da ake zanawa daga waɗannan samfura, domin wurin da mutane suka duba kawai take nunawa, kuma galibi masu duban suna zaune ne kusa da birane da jami'o'i.

Dalilin wannan ɗawainiya shi ne gubarsa tana lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kuma amai da gudawa ba sa farawa sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin da ta riga ta shiga jini. Likitan da ya san an taɓa ganinsa a yankinsa zai fi saurin zargin abin da mara lafiya ya ci.