Hukuncin Tanadi Da Killace Mara Lafiya Saboda Annobar Mura

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, kuma ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu. Ma'aikatan lafiya sun ce mu yi shirin annobar mura tun ba ta zo ba: mu ajiye abinci da magani, mu roƙi mai zazzaɓi da tari ya daina zuwa jam'i. Wasu dattawanmu sun ce wannan raunin tawakkali ne, har ma kiran musiba ne. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan shiri halal ne, kuma yana zama wajibi a kan magidanci gwargwadon ikonsa idan annobar ta tabbata, domin kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali. Da Sayyidina Umar ya juya daga Sarg, wani wuri a kan hanyar Sham, saboda annobar da ta ɓarke a Sham, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah zai yi? Sai ya ce, "Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah."

A lallaɓa dattawan, a tuna musu marisuwa. Murar 1918 ce, ta shigo ta Legas, ta haura Arewa, ta ci miliyoyin mutane a duniya. Murar tsuntsaye kuma a 2006 ta fara ɓulla a Afirka, a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Annoba takan taso ne idan ƙwayar ta sauya kama yadda jikin mutane bai san ta ba, kuma haɗa sabon rigakafi yakan ɗauki watanni. Wannan tazarar ake yi wa tanadi.

Abin da za a ajiye ba mai yawa ba ne: hatsi, wake, mai, gishiri, sukari da makamashin girki na mako biyu, sai sabulu, takunkumin fuska, farasitamol da ma'aunin zafin jiki. Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila ya tabbata maganinsa na wata guda yana hannu. Amma a bambanta tanadi da ɓoye kaya. Ɗan kasuwar da ya kulle buhuna a sito yana jiran farashi ya tashi alhali mutane na cikin buƙata, shi hadisin Muslim yake nufi: babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo.

Batun jam'i kuwa, wanda zazzaɓi da tari suka kama a lokacin annoba bai halatta ya shiga sahu ba. Annabi (SAW) ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya, ya kuma hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci don warinta kawai. To ina ga abin da zai kwantar da tsoho? Malamanmu na Malikiyya sun lissafa rashin lafiya da jinyar mara lafiya cikin uzurin barin Juma'a. Ladansa yana nan, domin ana rubuta wa mara lafiya abin da ya saba yi yana lafiya. Ya zauna gida har sai ya kwana ya wuni babu zazzaɓi ba tare da ya sha magani ba. Ƙwayar takan yaɗu tun kwana ɗaya kafin alamu su bayyana, har zuwa kwana biyar ko bakwai, shi ya sa "ai na ji sauƙi" ba hujja ba ce. Rufe masallaci gaba ɗaya kuwa ba aikin kwamiti ba ne. Hukuma ce ke yanke shi bayan shawarar likitoci da malamai.

A gida, a ware wa mara lafiya ɗaki mai taga a buɗe, da kofinsa da kwanonsa da butarsa. Mutum ɗaya ya yi jinya, kada ya zama mai ciki ko tsoho. Alwala ba ta wadatar wa wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Mai atishawa ya rufe fuska da tufafinsa, wannan ma sunna ce. Gaishe shi a yi ta waya ko daga bakin ƙofa, hakkin dubiya ya sauka.

A wajen magani aka fi yin ɓarna. Babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, kuma ya duba kwalin maganin mura, domin da yawansu akwai farasitamol a ciki, haɗa su yana lalata hanta. Kada a ba yaro asfirin. Kafso irin su amfisilin ba sa kashe ƙwayar mura. Kuma a ƙasarmu ba kowane zazzaɓi ne mura ba, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Idan mara lafiya ba ya iya cin abinci, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Idan numfashi ya yi wuya, ko haƙarƙarin yaro na lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono, ko ya yi jijjiga, sai asibiti nan take. Ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai sau 40, kada ya kwana a gida.

Kazar da ke gyangyaɗi kada a yi saurin yanka ta don gudun asara. Fige ta da gyara ta hanya ce ta kamuwa da murar tsuntsaye. Idan kaji suna mutuwa da yawa, a sanar da likitan dabbobi.

Ku kuma 'yan kwamiti, ku rubuta sunayen tsofaffi, zawarawa da masu ci sai sun fita, ku haɗa da makarantun allon unguwa, inda yara ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya. Ku buɗe asusu tun yanzu, ku san wanda zai kai abinci ƙofar gida da mai motar da za a kira da dare. Ana iya ba da zakka ga matalautan cikinsu.

Wallahu a'alam.