Me ya sa ake saka roba a cikin fulin gaban inji?

Tambaya: Malam, ina koyon gyaran inji, kuma na lura cewa fulin da ke gaban karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, yana da roba a tsakaninsa. Idan robar ta lalace, me zai hana a sa fuli na zallan ƙarfe, tunda ƙarfe ya fi roba ƙarko?

Amsa: Ɗan'uwa, ina roƙonka kada ka yi haka, domin wannan fulin ba jan bel kaɗai ne aikinsa ba. Duk lokacin da mai ya kama da wuta a cikin silinda, fistin yakan danna karanshaf da ƙarfi, sai sandar ta ɗan murɗe kamar tsumman da ake matsewa, sannan ta warware. Ido ba ya ganin murɗewar, amma a inji mai silinda 6 da bugu huɗu, inda kowace silinda ke kama wuta sau ɗaya a juyi biyu, ana tashin wuta sau 3 a kowane juyi, wato sau 150 a daƙiƙa idan yana juyi 3,000 a minti. Kowace sanda tana da saurin da take kaɗawa a kansa bisa ɗabi'arta, kuma idan bugun wuta ya zo daidai da wannan saurin, murɗewar takan yi ta ƙaruwa har ƙarfe ya gaji ya tsage.

Maganin shi ne damfa, wato wannan fulin mai roba: cibiya a manne da karanshaf, zoben ƙarfe mai nauyi a waje, roba a tsakani. Zoben yakan yi jinkirin bin cibiyar, robar ta miƙe ta dawo, ta mai da ƙarfin girgizar zafi. A nan ne gwanintar mai ƙira take, domin sai ya auna nauyin zoben da taurin robar su dace da wannan sandar takamaimai. Shi ya sa damfar wani inji ba lalle ta yi wa wani ba, ko da ta shiga daidai.

Manyan injinan dizal sun fi amfani da damfa mai ruwan silikon a maimakon roba, inda zoben ke yawo cikin rufaffen gida, kuma irin wannan tana aiki a kan saurin juyi daban-daban.

Idan ka ga robar ta tsattsage ko ta bultso, ko alamar tayimin (ta saita lokacin tashin wuta) da ke kan zoben ta goce daga inda take, to ka sauya damfar gaba ɗaya da irin wadda aka ƙera wa injin.