Ruwa ya ci gida a Damagaram: aikin wa ne, kuma ta ina agaji ke biyowa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a Garin Malam, cikin birnin Damagaram. Daminar da ta wuce ɗakuna biyu suka faɗi a gidanmu cikin dare, muka kwashi yara muka koma lakwal, muka yi fiye da sati biyu a can. An zo an rubuta sunaye har sau biyu. Daga baya wasu maƙwabta suka samu hatsi da tabarmi, mu ba mu samu ba. Don Allah ku fahimtar da ni: in masifa irin wannan ta auku, aikin wa ne? Magajin gari, ko gwamna, ko fadar Sarki, ko ƴan kwana-kwana? Kuma yaya ake tsara abin?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba.

Duk waɗanda ka lissafa suna da hannu a ciki, sai dai kowa da fagensa. Ƴan kwana-kwana su ne masu ceto: fidda wanda gini ya danne, kashe wuta, kai mai rauni likita. Fadar Sarki da masu unguwanni su ne idon hukuma, su suka san gidan wane da yawan bakin da ke cikinsa. Gwamna shi ke haɗa ƙarfin jiha wuri guda, ya kuma aika buƙata Yamai in abin ya fi ƙarfin nan. Ita kuwa meri, wato ofishin magajin gari, ita ce mai masauki. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa magajin gari kula da tsaron jama'a da tsaftar gari, don haka shi ake fara tambaya ina za a saukar da mutane, wa zai ƙirga su, wa zai riƙe takardar sunayensu. Birnin Damagaram an raba shi da'ira 5, kowace da merinta, sai babbar meri a samansu. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024, wakilan da gwamnati ta naɗa, waɗanda ake kira AD, ke riƙe da kujerun, amma nauyin yana nan yadda yake.

Labari yana hawa ne mataki-mataki. A ƙauye ko unguwa akwai kwamitin gargaɗi da ɗaukin gaggawa na jama'a, wanda ma'aikata ke kira SCAP/RU. Shi ke kai rahoto ga kwamitin da ke sa ido a matakin ƙaramar hukuma, OSV, wanda magajin gari ke shugabanta. Daga nan sai kwamitin gunduma a ƙarƙashin farfe, wato shugaban gunduma, kamar a Mirya ko Magarya ko Tanut, sai kwamitin jiha a ƙarƙashin gwamna, sai hukumar ƙasa mai rigakafi da magance matsalar abinci, DNPGCA, a Yamai. An gina wannan tsani ne tun farko saboda fari da ƙarancin cimaka, shi ya sa ya fi kafuwa a karkara fiye da cikin lungunan birni, kuma wannan giɓi ne da ya kamata kowace da'ira ta cike da kwamitin unguwa mai aiki da gaske. Gefe guda akwai hukumar kare fararen hula, ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, mai riƙe da shirin ceto da ake kira ORSEC, wanda ake tayarwa in masifa ta zarce kayan aikin yau da kullum.

Mafi yawan aikin meri ana yin sa ne tun sama ba ta haɗa hadari ba. Damagaram tana zaune a kan dutse, kowa yana ganin manyan duwatsun da suka fito fili a Birni da kewaye. Ruwa in ya sauka ba ya samun wurin nutsewa da sauri, sai ya bi gangare ya nufi tabkuna irin na Kanya, kuma duk gidan da aka gina a kan tsohuwar hanyarsa zai same shi. Saboda haka da zarar hukumar hasashen yanayi ta fitar da hasashen damina, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ya kamata meri ta zauna da masu unguwanni a zana taswira: ga inda ruwa ke kwanciya, ga lungun da mota ba ta shiga, ga gidajen da katangarsu ta riga ta tsage. Sai yashe magudanai kafin ƙarshen Yuni. A nan ake yawan yin kuskure guda: a fito da rairayi da leda a tara su a bakin lambatu, a ce sai mota ta samu. Ruwan farko ke mayar da su ciki, kuɗin aikin ya tafi a banza. Yashewa da kwashewa rana ɗaya ake yin su. Haka injin zuƙe ruwa, a tayar da shi a gwada tun watan Mayu, a duba tiyonsa, a ajiye masa mai. Injin da ya shekara a sito ba a taɓa shi ba, ranar buƙata ba ya tashi.

Yana da kyau a san yadda ginin ƙasa ke faɗuwa, domin shi ne ya fi kashe mutane a garuruwanmu, fiye da nutsewa. Ruwa ya kwanta a gindin katanga, laima ta hau ta kamu ɗaya ko biyu, ƙasar ta yi laushi tana zubewa kaɗan-kaɗan har gindin ya sirance. A sama kuma indararo ya toshe da ciyawa ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya taru a kan soro, rufin ya jiƙe ya ƙara nauyi a kan azara. Nauyi na ƙaruwa a sama, ƙafa na raguwa a ƙasa. Shi ya sa ɗaki yakan faɗi bayan an ɗauke ruwa, wani lokaci washegari, mutane sun saki jiki sun koma sun kwanta. Tsohon masallacin Birni, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, a farkon Satumba na 2024 ya rushe bayan ruwa mai yawa. A daminar wannan shekarar mutum kusan 400 suka rasu a faɗin Nijar, kimanin miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. Don haka sanarwar da meri za ta bayar ta rediyo da masallatai da bakin sanƙira ya kamata ta ambaci alamomin nan ƙarara: tsagewar da ke ƙara buɗewa, ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, ƙasa na zubowa daga rufi, azara na ƙara.

In abin ya auku, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17. Mai kira ya faɗi unguwa, ya ba da alamar da direba zai gane, kamar masallaci ko famfo, ya faɗi mutum nawa ake zaton suna ƙarƙashin gini, ya kuma tura yaro bakin titi ya tarbi motar. Inda wayar lantarki ta faɗi cikin ruwa, a sanar da kamfanin wuta NIGELEC a yanke wuta kafin kowa ya taka. A meri kuwa ana buɗe ɗakin jagoranci: mutum ɗaya mai yanke shawara, littafi ɗaya da ake rubuta kowane kira da lokacinsa, da wakilin likita, da na ma'aikatar ruwa, da na jami'an tsaro, da na ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj. Abin da ke ɓata wannan mataki shi ne kowa ya tafi jaje wurin da abin ya faru a bar tebur ba kowa, sai unguwa ɗaya ta samu mota uku, wata ba ta samu ko ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya fi damunka, rubuta suna sau biyu. Ƙa'idar aikin ke nan. Ƙidayar farko ta gaggawa ce, cikin kwana ɗaya zuwa uku, don a san girman abin: gida nawa ya faɗi, mutum nawa suka rasa makwanci, rai nawa, dabba nawa. Da ita ake neman taimako. Ta biyu ita ce ta gida-gida, inda ake rubuta sunan magidanci, yawan iyalinsa, yara ƴan ƙasa da shekara 5, masu ciki, tsofaffi da naƙasassu, da ko ɗakin ya faɗi duka ne ko wani sashe. Da ita ake rabo. Wani lokaci kuma ta biyun ta wata ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda takardarta ba ta taɓa haɗuwa da ta meri ba.

Suna yana faɗuwa tsakanin takardun nan ta hanyoyi sanannu. Masu ƙidaya sun zo gida da hantsi, mai gidan yana lakwal inda ya yi hijira ko yana Kasuwar Dole neman abin cefane, aka tarar da kango ba kowa aka wuce. Gida mai magidanta huɗu aka rubuta shi da sunan babban wa kaɗai, buhu ɗaya ya zo wa tukunya huɗu. Ɗan haya ne ruwa ya ci kayansa, aka rubuta mai gidan da ke zaune a wata unguwa. Mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, mai shigarwa a kwamfuta ya ɗauka maimaici ne ya goge guda. Gida yana kan iyakar da'ira biyu, kowace ta bar wa ɗaya. Akwai kuma lokacin da sunan yana nan, kayan ne ba su kai ba, aka fara da waɗanda ba su da ko ɗaki guda a tsaye. Ba za mu ɓoye ba, akwai son kai, inda ake cusa sunan wanda ko ɗigo bai shiga ɗakinsa ba. Maganin yawancin waɗannan guda ne, kuma ba ya cin ko dala: kafin a rufe takarda a karanta ta da babbar murya a ƙofar mai unguwa, a bar kwana biyu na gyara, a kafa kwamitin koke wanda ba masu ƙidayar ne a cikinsa ba, da mata a ciki, domin su suka fi sanin gwauruwar da ba ta da mai yi mata magana. Merin da ta tsallake wannan mataki ta jawo wa kanta zargi ko da hannunta tsarkakakke ne.

Wurin saukar da mutane ma yana da lissafi. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a yini, masai ɗaya ga mutum 20, na mata daban na maza daban, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, da fili mai rufi na mita murabba'i uku da rabi ga kowane rai. Ɗauki wuri mai mutum 300. Ruwansu lita 4,500 ne kullum, wato jarka 225 mai cin lita 20, masai kuma 15. In aka ƙiyasta mutum 7 a kowane gida, magidanta kusan 43 ke nan, kuma gida mai baki 7 yana cin kusan buhu ɗaya na kilo 100 a wata. Lakwal mai masai huɗu ba za ta ɗauki wannan jama'a ba, cikin ƴan kwanaki ramin zai cika, daga nan sai gudawa. Ga kuma karatun yara: a 2024 sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, kuma mutanen da ke zaune cikin azuzuwa na daga cikin dalilan. Shi ya sa ake son meri ta ware fili mai tudu tun rani, kusa da famfo, ta san inda tantuna da tamfol za su fito, lakwal ta zama masaukin kwana biyu ko uku kawai.

Aljihun meri ba shi da zurfi, harajin kasuwa da na tasha ba ya ciyar da dubban mutane. Abin da take iyawa shi ne tabarmi, man inji, jigila da ruwan kwanakin farko, shi ma in an ware masa layi a kasafin shekara. Hatsi mai yawa daga rumbunan OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, yake fitowa da umurnin gwamnati, bayan rahoto ya hau har Yamai an amince da shi, shi ya sa yakan ɗauki makonni. Attajirai, masallatai da ƙungiyoyi sukan riga gwamnati isowa, Allah Ya saka musu, amma in kowa ya raba da takardarsa, gidan da ke bakin titi zai samu sau uku, na ƙuryar lungu ya tashi a tutar babu. Kowace gudummawa ta bi ta takarda ɗaya, a sa alama gaban sunan wanda ya karɓa.

Bayan ruwa ya janye da ƴan makonni masassarar cizon sauro ke tashi, don haka rabon gidan sauro da maganin tsarkake ruwan sha da rahoton kullum daga asibitocin unguwa suna cikin aikin. Tsanin nan dai shi ake hawa in gobara ta tashi a kasuwa da hunturu, ko wutar daji a makiyayan Tanut da Gure, ko sanƙarau irin wanda ya ɓulla a jihar a ƙarshen 2022, sai dai mai jan ragamar fasaha ya canza, wani lokaci likita, wani lokaci ma'aikatan gandun daji.

Kai kuma, Malam, ka fara da mai unguwarku, ka tambaye shi su wa suka yi ƙidayar farko, su wa suka yi ta biyu. Sannan ka je merin da'irarku da katin shaidarka da takardar iyali, da hoton ɗakunan in ka ɗauka, da maƙwabta biyu masu shaida. Ka nemi a duba ko sunanka yana cikin takardar da aka aika sama. In babu, ka rubuta koke kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ka riƙe. Ko rabon baya ya wuce, wannan takarda tana sa a san gidanka cikin masu rauni lokacin da za a sake zana taswirar unguwa. Kafin damina mai zuwa kuma ka tayar da dakali a gindin katangar da ta rage, ka cike ramin tsakar gida yadda ruwa zai gangara waje, ka buɗe indararo, ka kuma shirya da wani ɗan'uwa mai ginin siminti inda yara za su kwana a duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi.